Jinyar Tsoho Mai Ciwon Zuciya: Kada A Kwantar Da Shi, Kada A Jira Dare

A ƙauyukan bakin Tafkin Kainji, daga Shanga zuwa Yauri har Wara, akwai wata lalura da take kama tsofaffi. Mutane da yawa sun taɓa ganinta, amma kaɗan ne suka san sunanta.

Ga yadda takan fara. A ce wani dattijo ne masunci a ƙasar Ngaski, shekarunsa sun kai 70. Da can yakan wuni yana tuƙa kwale-kwale bai gaji ba. Yanzu kuwa daga ɗakinsa zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Idan ya kwanta da dare sai tari ya taso. Ya ƙara matashin kai, ya sake ƙarawa, har ya koma yin barci a jingine da bango. Wata rana can tsakar dare sai ya farka firgigit. Gumi ya jiƙa shi, numfashi ya sarƙe, yana cewa a buɗe masa ƙofa ya sha iska.

Nan da nan gida ya ruɗe. Wannan ya ce sanyin ruwa ne ya kama shi. Wancan ya ce asma ce. Wata ta ce sammu ne. Babban ɗansa kuma, saboda tausayi, sai ya riƙe shi yana cewa, "Baba, kwanta ka huta." To, wannan kwanciyar ita ce abin da jikin tsohon ba ya so a wannan lokaci.

Mene ne yake faruwa a jikinsa?

Likitoci suna kiran wannan lalura gazawar zuciya. Ba wai zuciyar ta tsaya ba ne. Tana aiki, amma ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata.

Zuciyar mutum girmanta kamar dunƙulen hannunsa ne. Tana da ɗakuna 4. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau kusan sau 100,000 a kwana guda. Aikinta kamar na injin ban-ruwa ne a gonar albasa. Tana jawo jini daga huhu ta tura shi cikin jiki, ta kuma karɓo na jiki ta mayar huhu. Duk manomin fadama ya san abin da yake faruwa idan inji ya yi rauni: ruwa ba ya kaiwa ƙarshen gona. Haka jinin mai wannan ciwo ba ya kaiwa ko'ina da ƙarfi, shi ya sa yake saurin gajiya. Jinin da zuciya ta kasa ɗauka kuma sai ya taru a baya. Daga nan ruwa yakan tsatso daga jijiyoyi. Wani ya sauka ƙafafu da ciki, su kumbura. Wani ya shiga huhu.

Ruwan da ya shiga huhu shi ne babban haɗari. Idan mutum yana zaune, yawancin ruwan yana ƙasa, a ƙafafu. Da zarar ya miƙe a kan tabarma, sai ruwan ya gangaro ƙirji. Mutum yana cikin ɗakinsa, amma sai ya ji kamar yana nutsewa a kogi. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsohon yake ƙin kwanciya. Ba taurin kai ba ne.

Akwai gwaji mai sauƙi. A danna ƙaurin tsohon da babban yatsa, a ƙirga zuwa 10, a ɗaga. Idan wurin ya lotsa ya bar rami, to ruwa ne ya taru. Ciwon ƙoda da ciwon hanta su ma suna kawo irin wannan kumburi. Likita ne kaɗai zai bambanta su.

Me yake gajiyar da zuciya?

A ƙasashenmu babban dalili shi ne hawan jini wanda ba a kula da shi ba. Daga shekarar 2007 zuwa 2010 likitoci sun yi bincike a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, kuma likitocin Kano suna ciki. Sun duba mutane 1,006 da aka kwantar a asibiti da wannan ciwo. Sun gano cewa cikin kowane mutum 100, kimanin 45 hawan jini ne ya kai su ga haka. Sun kuma gano cewa kusan 18 cikin 100 sun rasu kafin wata 6. Wannan ya nuna ciwon ba na wasa ba ne. Ya kuma nuna cewa mafi yawa sun rayu.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekara 10 da shi bai ji komai ba, alhali zuciyarsa tana turin jini da wahala dare da rana. Sai awo ne yake tona shi. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to akwai hawan jini.

Akwai wasu dalilai kuma: ciwon suga, ƙarancin jini, lalacewar ƙofofin cikin zuciya, da toshewar jijiyoyinta. Abin da yakan tayar da ciwon farat ɗaya kuwa, galibi ɗaya ne daga cikin waɗannan: an daina shan magani, ko an ci gishiri da yawa, ko ciwon huhu ya kama tsohon, musamman a lokacin hunturu.

Abin da za a yi nan take

A zaunar da shi sosai. A jingina bayansa da bango ko kujera, a tokare da matashin kai. Idan a bakin gado yake, a bar ƙafafunsa su sauka ƙasa. A buɗe taga da ƙofa. A kwance masa mazagin wando, a cire riga mai matsewa. A fitar da kaskon wuta da turare daga ɗakin, domin hayaƙi yana ƙara masa wahala. A rage jama'a. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya riƙe hannunsa, ya yi masa magana a hankali. Tsoro yana ƙara saurin bugun zuciya.

Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo. Kada a kira wanzami ya yi masa tsaga a ƙafa don ruwa ya fita. Fatar da ta kumbura ba ta saurin warkewa, tsagar takan zama gyambo.

Akwai kuma wani kuskure da ya yi yawa. Mutane sun saba idan tsoho ya galabaita sai a ce a nemo mai sa ƙarin ruwa a gida. A wasu cututtuka, kamar amai da gudawa, ƙarin ruwa yana ceton rai. A wannan ciwo kuwa yana iya kashewa, domin ruwa ne ya riga ya yi wa jiki yawa. Leda ɗaya ta ƙarin ruwa tana iya cika huhun da ya rage. Saboda haka kada a yarda kowa ya sa masa ƙarin ruwa, sai in likita ne ya duba ƙirjinsa ya ba da umurni.

Bayan an zaunar da shi, sai a nemi hanyar asibiti. Babu wani magani a gida da zai janye ruwa daga huhu.

Maganar hanya

Nan ne mutanen bakin tafki suke da matsalar da ta fi ta sauran jama'a. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya rufe tsibirai da gonaki da dazuzzuka. Har yau akwai kututture a ƙarƙashin ruwa. Tafiyar dare a jirgi haɗari ce, kuma hukuma ta hana ta. Ga shi kuma wannan ciwo ya fi tsanani da dare, lokacin da mutum ya kwanta.

Saboda haka mutanen tsibiri da na tsallake kada su jira sai numfashi ya sarƙe. Ciwon yakan ba da sanarwa kwana 2 ko 3, wani lokaci mako guda. Idan tsoho ya kwana a zaune jiya, to yau da safe za a kai shi asibiti. Ba sai ranar kasuwa ba. Ba sai an sayar da kifi ba. Wanda ya ce bari a ga abin da dare zai yi, yana iya samun kansa da maras lafiya a bakin ruwa babu jirgi.

A cikin jirgi ma a zaune za a ɗauke shi. A tokare bayansa da buhu, ko wani ya zauna a bayansa ya jingina da shi. A sa masa rigar kariya, amma kada a ɗaure ta tamau. A guji jirgin da aka cika da kaya da mutane. A mota kuma kada a shimfiɗe shi a kujerar baya. Babur ba shi da kyau ga irin wannan maras lafiya. Idan babu yadda za a yi, wani ya hau bayansa ya riƙe shi.

A tafi da katin asibitinsa da duk magungunan da yake sha, har da na kemis da na gargajiya. A nufi babban asibiti mafi kusa, kamar na Yauri ko na Wara. Ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye yana iya auna jini ya rubuta takarda, amma wannan ciwo yakan buƙaci gado da allura da iskar oksijin.

A asibiti

Nas za ta fara da awo. Za ta auna hawan jini da bugun zuciya. Za ta ƙirga numfashi. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Takan maƙala wata 'yar na'ura a yatsa don ganin yawan iskar da ke cikin jini. Likita zai saurari ƙirji. Za a ɗaga kan gado. Idan iska ta yi ƙaranci a jini, za a sa masa oksijin ta hanci.

Babban maganin farko shi ne allurar fitar da ruwa. Sunanta furosemide, wasu sun fi saninta da Lasix. Ana yin ta a jijiya. Kafin rabin awa fitsari yakan fara zuwa, kuma da yawa. Kada iyali su tsorata. Ruwan da ya hana shi numfashi ne yake fita. Sau da yawa kafin gari ya waye tsohon da ya zo ba ya iya magana zai nemi abin karin kumallo.

Daga baya za a ɗauki hoton ƙirji, a gwada jini da ƙoda da suga. Idan ana buƙatar hoton zuciya ko ganin ƙwararren likita, za a iya tura shi Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Aikin mai jinya

A asibitocinmu nas ɗaya takan kula da gadaje da yawa. Wanda yake kwana a gefen gado shi ne ɗa ko 'ya ko jika. Idonsa shi ne idon nas. Yana da kyau a zaɓi mai haƙuri, kuma wanda maras lafiyar ba ya jin kunyarsa: namiji ga tsoho, mace ga tsohuwa. Tsoho da yawa yakan riƙe fitsari saboda surukarsa tana ɗakin.

Aiki na farko shi ne lissafin ruwa, wanda ya shiga da wanda ya fita. A nemi gora ko gwangwani mai alama, a tara fitsari, a auna, sannan a zubar. A rubuta a ɗan littafi. Haka kuma a rubuta duk abin da ya sha. Kunu da koko da shayi da fura da romo duk ruwa ne. Wani lokaci likita yakan ce kada ya wuce lita 1 da rabi ko lita 2 a kwana. Ledar ruwan sha ɗaya rabin lita ce, watau leda 3 ko 4 ke nan. Idan ƙishi ya dame shi, ya kurkure baki ya zubar, ko ya tsotsi ɓarin lemo. Idan fitsari ya ragu ƙwarai alhali ana ba da magani, a gaya wa nas nan take.

Na biyu shi ne fata. Tsohon da ya daɗe a wuri ɗaya yakan yi gyambo a ƙugu da duwawu da diddige. A gyara masa zama ko a juya shi duk bayan awa 2. A goge masa jiki da ruwan ɗumi, a tsane sosai, a shafa mai. Zanin gado ya zama busasshe, babu tattara. A riƙa motsa masa idon sawu da gwiwa don jini ya gudana.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, mai laushi, sau 5 ko 6 a rana. Cika ciki da tuwo yana danne numfashi. A ajiye fo kusa da gado don kada ya yi doguwar tafiya zuwa bayan gida. Idan bayan gida ya yi masa tauri a faɗa, domin yunƙuri yana wahalar da zuciya. In zai tashi, ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci, saboda magungunan suna iya kawo jiri. Faɗuwa ga tsoho wata sabuwar jinya ce.

Sai maganar 'yan dubiya. Dubiya abu ne mai kyau. Amma mutum 20 a kan gado ɗaya, kowa yana jiran a amsa masa gaisuwa, aiki ne babba ga mai haki. Mai jinya ya tare su a waje, ya karɓi gaisuwar, ya shigar da su bibbiyu. Abincin da suka kawo kuma ba duka ne zai ci ba.

A kira nas da gaggawa idan aka ga leɓe ko harshe ya yi duhu, ko kaki mai kumfa ja-ja, ko gumi mai sanyi, ko ciwon ƙirji. Haka nan idan ya fara sambatu ko ya kasa gane mutane. Wannan ruɗewa ba iska ba ce. Jini ne ko oksijin ba ya isa ƙwaƙwalwa.

Gishiri da 'yan'uwansa

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Wannan ga mai lafiya ke nan.

Matsalar ita ce gishiri yana da 'yan'uwa da suke ɓuya. Dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. Farin magi ma ɗan'uwan gishiri ne. Akwai shi a yajin tsire, da kilishi, da kifin gwangwani, da kifin da aka barbaɗa wa gishiri kafin a shanya. Kanwa ita ma 'yar gidan ce. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun duba mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun zargi yawan shan kunun kanwa da gashin jego. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilai ma. Amma babu gardama cewa kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri. Don haka tsoho mai wannan ciwo ya bar kunun kanwa, a kuma rage ta a miyar kuka da kuɓewa da wake.

Mutanen ƙasar Yauri sun yi sa'a a nan. Ɗanyen kifi yana kusa, albasa kuma tana da yawa. Miya za ta yi daɗi da albasa da tafarnuwa da citta da tumatir da 'yar daddawa. A ɗebi ta tsoho a ƙaramar tukunya kafin a sa gishiri a ta gida. Zai yi ƙorafi a makon farko. Bayan 'yan makonni harshe yakan saba.

Bayan an koma gida

Sallama daga asibiti ba warkewa ba ce. Ruwa ya fita, amma zuciyar tana nan da rauninta. Magungunan da aka rubuta, yawancinsu na kullum ne har tsawon rai. Kumburi ya saɓe ne saboda magani. Idan aka daina, zai dawo, kuma kuɗin kwanciya a asibiti ya fi kuɗin ƙwaya nesa ba kusa ba. A sayo sabo tun saura na kwana 7. A naɗa mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa ba da shi. Ƙwayar fitsari an fi shan ta da safe don tsoho ya sami barci.

A yi hattara da magungunan ciwon jiki na kemis da na 'yan talla a kasuwa. Tsofaffi suna yawan shan su saboda ciwon gwiwa da baya. Irin su ibuprofen da diclofenac suna riƙe gishiri da ruwa, suna kuma cutar da ƙoda. Farasitamol ya fi sauƙi, shi ma bisa ƙa'ida. Taba da sigari kuwa a bar su gaba ɗaya.

Idan akwai sikeli, ya hau kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Idan babu sikeli, a lura da takalmi da zobe da yawan matashin da yake kwana a kai.

Kada a mayar da shi kayan ɗaki. Ya riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, yana ƙarawa sannu a hankali. In ya fara haki ya zauna. Gyaran koma da ƙugiya a inuwa ba laifi. Jan taru da tuƙi da noman rani kuwa na yara ne yanzu. Idan ruku'u da sujada suna sa shi haki, addini ya yarda ya yi salla a zaune. Azumi kuma a tambayi likita tun kafin wata ya kama, domin maras lafiya yana da rangwame. A lokacin bazara, in zafi ya yi tsanani ko gudawa ta kama shi, maganin fitsari yana iya busar da shi fiye da kima. Nan ma a koma a tambaya, kada a ƙara ko a rage da ka.

Ranar da aka rubuta a kati ta komawa asibiti, a je ko da yana jin garau. Makonnin farko bayan sallama su ne lokacin da ciwon ya fi dawowa. Iyalan da ke tsallaken ruwa su yi shiri tun yau. Su san mai jirgin da za su kira, su ajiye lambar wayarsa. Su ware kuɗin mai a wuri ɗaya da ba a taɓawa. Kati da magunguna da ɗan littafin lissafi kuma su zauna cikin jaka ɗaya, a rataye kusa da ƙofa.